Yadda Jaririyarmu Ta Zama Sa'adatu

Nyanya, Abuja
9 ga Afrilu, 2008

Zuwa ga Yaya Kubra,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara can Jidda. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Albishirinki, Nabilah ta sauka, mun samu 'ya mace. Amma ba a asibiti ba, a cikin sabuwar motata. Naƙuda ta tashi ƙarfe bakwai na safe, daidai lokacin da ma'aikatan Mararaba ke tururuwa cikin gari. Maƙwabciyarmu Madam Felicity, tsohuwar nas 'yar Kagoro, ta ga na rikice na kasa buɗe ƙofar mota, sai ta ajiye bokitinta ta shiga baya, ba wanda ya roƙe ta. Kafin mu kai Asokoro titi ya toshe. Ta ce in gangara gefe in tare taga da babbar rigata. Yarinya ta fito da cibiya naɗe a wuya, ba motsi. Ina jin Madam tana murza bayanta tana addu'a da yarensu, can sai ga kuka. Yaya, zama na yi a bakin kwalta na yi nawa kukan, direbobin bas suna leƙena.

Ga abin da ya sa na zaɓi takarda maimakon waya. Ban manta alkawarin da na yi miki ba, cewa 'yata ta fari sunanki za ta ci, ke da kika goya ni. Amma tun ranar nan zuciyata ta ƙi kwanciya. Na tambayi Madam ma'anar sunanta, ta ce wani fada ne a cocinsu ya gaya wa babanta kalmar Latin ce, tana nufin farin ciki da sa'a. Da na kai wa limamin unguwarmu, ya yi murmushi ya ce ai muna da shi, Sa'adatu ke nan, daga Larabci. Na kai wa Inna maganar ina ɗar-ɗar, ta ce in raɗa wa yarinya Sa'adatu, ta san ki, da kina cikin motar nan da ke za ki fara faɗin haka.

Ranar suna abokan ofis sun yi ta tsokanata, wai Abuja kaf Kauthar ake yayi, ni na je na tono sunan kakanni. Ban kula su ba, Madam nake kallo. Da aka yi mata bayani ta rufe fuska da zane, ta ce yara sama da dubu sun bi ta hannunta, ba a taɓa yi mata takwara ba.

Ki yafe mini, Yaya. Ba mu huda wa jaririyar kunne ba, Nabilah ta ce ba mai taɓa shi sai ke, ko da za ki kai Babbar Sallah ba ki zo ba.

Ki gaida maigida, da Nazeer da ƙannensa. Inna da mai jego suna gaishe ki, Madam ma ta ce a gaida babbar anti.

Ƙaninki,
Abdulmajeed