Makirufo Biyu a Ɗakin Baba

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya ce kashi ɗaya cikin uku na huhun Baba ne ke aiki. Na rubuta adadin a bayan takardar magani, yadda na saba tun ina ɗakin labarai. Ya ce a ajiye saksafon, ƙahon da Baba ke busawa. Baba ya ce, "Shekara arba'in da ɗaya ina hura ta, likita, ka ce in ajiye kamar wata lema?" Likitan bai yi dariya ba.

A mota ya ce abu ɗaya yake so. Akwai busar da yake rufe wasa da ita, shi ya ƙirƙire ta, kuma ba a taɓa naɗar ta ba sai a wani kaset da zafi ya lalata. "Uwata, ke da kike naɗar muryar kowa, ki naɗi tawa mana."

Na kira likitan na tambaya. Ya yarda da sau ɗaya, a zaune, da safe bayan ya shaƙi magani, kada ya wuce minti huɗu. Babu maimaici.

Laraba, 5 ga Maris

Sutudiyonmu a hawa na uku yake, Baba kuwa matakala biyar ma sai ya huta. A ɗakinsa za a yi. Na ɓata awa guda da Dogo, mai sutudiyon, a kan makirufo.

Shi wanda ake kira dainamik yake so in kai. "Jaki ne wannan, ko ya faɗi ki ɗauka ki kaɗe." Gaskiyarsa. Ana kafa shi dab da bakin ƙahon, gabansa kaɗai yake ji, ba ruwansa da abin da ke faruwa a ɗaki. Aibinsa, yana ƙara wa saksafon kaifi, sai ka ji kamar tana faɗa da wani.

Ni ɗaya nau'in, ribon, nake so. A cikinsa akwai wani ziri na alminiyom, bai kai bawon albasa kauri ba, rataye tsakanin maganaɗisu biyu. Ana ajiye shi nesa kaɗan, kamar tsawon hannu, ya ɗauki sautin kayan busar gaba ɗayansa da taushi, yadda kunne ke ji. Sai dai yana ji ta gaba yana ji ta baya, kuma ba ya rufa wa kowa asiri.

"Ki sa duka biyun, ki zaɓa daga baya," in ji Dogo. Haka zan yi. Zaɓin dai yana nan, ɗage shi kawai na yi.

Da zai ba ni aron ribon ɗin sai da ya karanta mini sharuɗɗa kamar mai ba da riƙon jariri. A kashe fanka. A rufe taga. Kada a kwantar da shi. Kada kowa ya hura shi. "Iska ɗaya mai ƙarfi, zirin ya tsinke. Atishawa ma in ta zo miki, ki fita waje."

Alhamis, 6 ga Maris

Baba ya goge wa saksafon ɗinsa ƙura sau biyu yau. Bai kai ta baki ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na yi abin da ban taɓa yi ba.

Na je gwada kaya. Na rataya barguna biyu a bango, na kafa makirufo biyun, na juya zan jona waya. Sai na ji "fuu, fuu, ɗaya, biyu" a bayana. Baba ne, ya sunkuyo daga kujera, bakinsa dab da ribon. Haka mutanen dandamali suke gwada makirufo, haka ya yi duk rayuwarsa, ni kuma na gaya wa Mama sharuɗɗan na manta ban gaya masa ba.

Na daka masa tsawa. Ban tuna kalmomin ba, ƙarar kawai na tuna. Mama ta leƙo da ludayi a hannu. Ya koma ya jingina, ya ce, "Ƙarfe ne fa, Uwata." Daga nan ya yi tari mai tsawo, ni kuma na tsaya ina naɗe wayar da ba ta buƙatar naɗewa.

Na ba shi haƙuri kafin in tafi. Ya ce ai uwa tana da ikon yi wa ɗanta faɗa.

Litinin, 10 ga Maris

Na kai wa Dogo ribon ɗin ya duba. Na gaya masa gaskiya tun daga bakin ƙofa. Ya dafe kai, ya kwance murfin a hankali, ya haska fitila. Zirin yana nan lafiya lau, ko lanƙwasa bai yi ba.

"Kin tabbata ya hura?"

Na ce sau biyu, bakinsa kusan yana taɓa ragar.

"Kai, ba zai yiwu ba. Mai busa? Ai da ni ne na hura da tuni..." Sai ya shiga mayar da murfin.

Mutumin da a da yake cika babban zaure ba tare da lasifika ba. Adadin likita yana jakata mako guda, ban fahimce shi ba sai yau.

Laraba, 12 ga Maris

An yi. Ƙarfe tara da kwata na safe.

Baba ya sa farar riga ya ɓalla maɓallanta har wuya, ko da yake na ce masa sauti kawai za a ɗauka. Ya ce kayan yana ganin mutum. Mama ta ce ba za ta shigo ba, ta tsaya daga bakin ƙofa. Na ɗaga masa yatsa, ya fara.

Ban kalle shi ba. Allurar na'ura na kalla, ita ce aikina. Minti biyu da daƙiƙa arba'in. Saura zagaye na ƙarshe, inda busar ke hawa sama ta sauko, sai ya cire ta daga baki ya ɗora a cinya. Ya daɗe kafin ya iya magana.

"Gobe mu ƙarasa."

Na ce to. Mama ta kawo abin shaƙa.

Juma'a, 14 ga Maris

Na sa masa abin ji a kunne, na kunna masa duka biyun.

Na dainamik ya fito da ƙarfi, a tsaye, kamar ɗan shekara arba'in ke busawa. Da yake bakin ƙahon ya fuskanta, numfashin kusan bai shiga ba. Na ribon ya fi shi kyau, ba na shakka, sautin ya fito zagayayye, da ɗumi. Amma duk inda ya tsaya jan iska ana jin ƙirjinsa yana fito siriri. Ta baya kuma ya ɗauko Mama tana bin busar a maƙogwaro, can ƙasa-ƙasa. Ba ta san ta yi ba.

Ya saurari na biyun har ƙarshe idonsa a rufe. Ya cire abin jin.

"Na farkon za ki ba mutane. Wannan ki goge shi. Majinyaci ne yake busa."

Na fara yi masa bayani a kan taushin sauti. Ya ɗaga hannu. "Na ji karatunki. Ni dai kada a tuna da ni ina haki. Kin yi alkawari?"

Na yi.

Talata, 18 ga Maris

Asibiti. Gado na huɗu daga ƙofa. Ba ya son a yi maganar ƙarasawa, ni ma ban tayar ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Jiya, ƙarfe goma sha ɗaya saura na safe. Mama na riƙe da hannunsa, ni na sauka karɓo magani. Allah ya jiƙansa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Abokan wasansa sun zo, su uku da suka rage. Na ba kowa na dainamik, yadda ya ce. Inda ya katse na sa sautin ya dusashe a hankali, ba wanda zai gane ba a ƙarasa ba. Mai ganga ya saurara ya share ido, ya ce, "Ka ji mutum! Har ya tafi iskarsa ba ta ragu ba." Ban gyara masa ba. Shekara goma sha biyu ina gyara wa mutane labari, wannan na bar shi ya wuce.

Bayan sun tafi Mama ta ce in kunna mata. Ta saurara daga farko har ƙarshe tana kallon tabarma.

"Wannan na 'yan kallo ne," in ji ta. "Ina wanda na ji daga bakin ƙofa?"

Na ce ya sa ni alkawarin gogewa.

"Kin goge?"

Na ce ban samu zama ba tukuna. Ta dube ni yadda take dubana tun ina ƙarama in na ce na wanke hannu. Ba ta ce in kunna ba, ba ta ce in goge ba. Ta tashi ta shiga ɗakinsa ta turo ƙofa.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na koma aiki. Na mayar wa Dogo ribon ɗinsa, ya karɓa ya sa a akwati bai buɗe ba. Tallar sabulu muka naɗa, da dainamik, ya yi daidai.

Ranar Lahadi na sa wa Mama ɗayan, na ribon, a wayarta. Alkawarin bai ambaci ranar gogewa ba, na sake tuna maganarsa kalma bayan kalma, bai sa rana ba. Gogewa kuwa ba ta cin daƙiƙa biyu. Zan yi.

Sau goma sha ɗaya ya ja numfashi a cikin minti biyu da arba'in ɗin. Na ƙirga ne don aiki. Da safe kafin in hau sama nakan ɗan zauna a mota in kunna, in ya kai na tara sai in mayar da shi farko.