Gawayin Safiya

Laraba, 9 ga wata, bayan isha'i

Yau bakina ya mutu, ni da ba a kayar da ni a zance. Sati uku jikata Safiya tana fama da ƙwallon goruba, ta ƙona, ta wanke, ta shanya. Wai gawayin zai tsotse wata guba, kuromiyam, daga ruwan da masu jimar fata ke zubarwa. Kullum ina tsokanarta, "Likitar kwata, yaushe za a naɗa ki?"

Da la'asar baƙi suka zo daga Bolari. Na ga gawayi mai kyau a faranti, na juye a kasko, na zuba turaren wuta.

Da Safiya ta tarar da farantinta wayam, na ce iska ce ta kwashe, har da ƙarin guguwa. Ta shinshina ɗakin, ta dubi tokar.

"Kaka, Litinin zan gwada shi gaban malaminmu."

Ba ta yi faɗa ba, ta ma kawo mini tuwo. Ƙonawar kuskure ce, ƙaryar fa? Allah Ka yafe mini.

Da asuba zan faɗa mata gaskiya, in sayo goruba kwano biyu. Da haƙoran nan nawa huɗu zan gaigaye mata su.