Ka Tsaya a Hagun Zenon

Bytom, 3 ga Satumba

Aminina Lucjan,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Urszula da jikoki, kuma sanyin Dortmund ya sassauta wa gwiwar nan taka.

Na san ka ga jarida. Szymura, ɗan jaridar nan da ya rubuta a zamaninmu cewa mu 'ya'yan mahaƙa kwal ne masu aron kukan Amurkawa, yau shi ke kiran ƙungiyarmu uwar kiɗan bulus, kiɗan baƙaƙen Amurka, a yankinmu na Silesiya. Ni da na bar makarantar kiɗa a ajin ƙarshe saboda ƙungiyar nan, na ƙare ina koya wa 'ya'yan likitoci fiyano, ban san inda zan ajiye yabonsa ba.

Yanzu masu bikin kiɗa na Katowice suna so mu ukun da muka rage mu hau dandamali a Nuwamba. Ka san tun da ɓarin jikin mawaƙinmu Zenon ya shanye ba ya iya rera ko baiti ɗaya. Dabararsu ita ce a saki tsohon faifanmu, shi kuma ya riƙa motsa baki kamar shi ke rerawa. Abin da muka ƙi yi wa talabijin ɗin gwamnati ke nan, har suka toshe mu shekaru. Ƙin nan kaɗai muka mallaka. Na ce musu ba da ni ba.

Naka,
Alojzy

Bytom, 21 ga Satumba

Lucjan,

Ina gaisuwa. Yaya jikin?

Na je gidan Zenon don in hana shi. Matarsa Jadwiga ta nuna mini ɗaki. Na same shi gaban madubi, faifai na juyawa, yana bin muryarsa ta ƙuruciya. Hagun bakinsa ya zube, kullum faifan na barinsa a baya. Da ya gan ni sai ya ce, a hankali, "Farfesa, wa'azi ka kawo? Zauna, mugu, ka nuna min inda nake makara." Na zauna. Har miyar da Jadwiga ta kawo ta huce ina buga masa tebur don ya daidaita da faifan.

Ra'ayina bai sauya ba. Ƙarya ce, kuma Szymura zai rubuta cewa muryar ba ta tsufa ba. Amma zan hau, kuma masu kyamara za su zo.

Ka ɗauko jitarka ka taho. Kai ne mafi ƙiba a cikinmu. Ka tsaya a hagunsa, dab da shi, ka tare wa kyamara wannan gefen, kuma ko sun ce ka matsa, kada ka matsa.

Ka gaida Urszula.

Naka kullum,
Alojzy