Ragarmu na ci

Talata, 12 ga Maris
Wasa na huɗu na hokin ƙanƙara da 'yan tsallaken kogi, ban ci ko ɗaya ba. Ni da aka sayo don cin raga. Shekara talatin da uku, kwantiragina zai ƙare da wannan zagayen. Koci Hrivnák bai yi min faɗa ba, kallon takalmina na ƙanƙara kawai ya yi ya wuce.

Alhamis, 14 ga Maris
Alƙalin wasa ya ɗaga hannu, laifin nasu ne, zai hura usur da zarar sun taɓa faifan robar da muke bugawa. Kamil mai tsaron ragarmu ya fice a guje don a ƙaro ɗan gaba a madadinsa, yadda aka saba tun muna yara. Ni ban duba ba. Na tura faifan baya, babu kowa. Haka ya yi ta silalewa a kan ƙanƙara har cikin ragarmu, ina tsaye riƙe da sanda. Da wannan suka cinye mu.

Na jira in ji wani abu a raina. Shiru.

Juma'a, 15 ga Maris
Tsoho Svorad mai nama yana yanka min tsiren alade ya ce, "Rado, barka, ka buɗe hannu! Jibi kuma wa za ka ci wa, mu ko su?" Duk layin aka kwashe da dariya. Har ni na yi.

Lahadi, 17 ga Maris
An ajiye ni. Blažej aka sa a gurbina, ɗan shekara sha tara. Na yi kallo daga sama cikin kwat. Ashe kujerun can akwai ɗumi. Namu sun ci, an yi kunnen doki, saura wasa ɗaya.

Litinin, 18 ga Maris
Baba ya kira daga ƙauye, wai shi a zamaninsa da karyayyen haƙarƙari ya buga. Matata Zdenka ta yi miyar kabeji, ta ce in ba a sabunta kwantiragin ba sai mu san inda za mu sa kanmu da yaran. Na ce to. Na ƙara miya.

Laraba, 20 ga Maris
Blažej ya gurɗe kafaɗa a atisaye. Koci ya tare ni a ƙofa.

"Gobe kai ne. Ka ci min ɗaya tak, ni zan tsaya maka a wajen masu kulob. Ka ji ni, ɗana?"

Na ce masa gwiwata ta hagu ta kumbura, ba ta lanƙwasuwa. Ya daɗe yana kallona, bai ce a kira likita ba.

Da ƙafa na dawo gida, ta kan gada, har da zagaye. Zdenka ta tambaya, na faɗa mata abin da na faɗa masa. Ta kawo ƙanƙara a tawul, na ɗora a gwiwar. Ina jin ma tana ɗan yi min ciwon.