Ramar Da Ba Ta Da Tsami

Malam Kalilu, don Allah ka taimake ni. Shuka ce ke neman mutuwa a hannuna, kuma ba tawa ba ce.

Ni ƙaramin ma'aikacin kwastan ne a bakin iyakar Jibiya, shekarata ɗaya da rabi da sa kaki. Aikina ɗaga shinge da hawa bayan manyan motoci in leƙa ƙarƙashin tamfol. Tun da arzikin man fetur ya zo motocin ba sa yankewa, masu fita da siminti da kananzir, masu shigowa da shanu da wake. Na faɗi wannan ne don ka san ba ni da lokacin noma, ban kuma iya ba, a makaranta na tashi.

Makarantar ma wana Arzika ne ya sa ni. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, da tuƙin mota ya ciyar da ni har na zama mutum. Sati shida da suka wuce, zai tafi Agadas da kaya, ya kawo mini garwa uku na kananzir cike da ƙasa, kowace da shuka a ciki, tsawonta ya kai gwiwa. Ya ce rama ce ta wani iri, wani abokinsa ya ba shi, maganin basir ce. Ya ce in ajiye a ƙuryar ɗaki kusa da taga, kada in fitar tsakar gida saboda awaki, in riƙa ba su ruwa har ya dawo. Ba mu da akuya ko ɗaya a gidan, amma ban ce komai ba, wa wa ne.

Da farko lafiya lau. A sati na biyu ganye ya fara langaɓewa. Na ce ƙishirwa ce, da ma zafin Jibiya ba na wasa ba ne, sai na koma ba su ruwa safe da yamma. Suka ƙara langaɓewa. Na koma duk sallar da na yi a gida in juye musu sauran ruwan buta. Yanzu ganyen ƙasa ya yi rawaya yana zubewa, na sama ya lanƙwashe yana kallon ƙasa, ƙasar garwar ta zama taɓo tana wani ɗoyi, ga wasu ƙananan ƙudaje suna tashi a kai. Ɗantala mai shayin bakin shinge ya ce in zuba toka, na zuba, shiru. Shi tumatir na ce masa nake shukawa, ban san dalilin da ya sa na ce haka ba.

Ga wani abu kuma. Matata Ma'u 'yar ƙauyen Gangara ce, a gona ta girma. Wata rana ta ce bari ta tsinki kaɗan ta yi mana kwaɗo kafin ya lalace. Ta ɗauki ganye ɗaya ta duba, yatsu bakwai ne sirara, gefensu kamar haƙoran zarto. Ta tauna ta tofar, ta ce ita ba ta taɓa jin rama babu tsami ba. Ta shafa karan, babu ƙaiƙayi, sai wani wari da ya kama mata hannu. Daga ranar ba ta sake shiga ƙuryar ba, ko shara ta daina yi a wurin, ba ta kuma ce mini komai ba.

Arzika zai dawo bayan Sallah. Bai taɓa roƙona komai ba sai wannan, kunya kuma nake ji ya tarar na kashe masa amana. Ruwan ne ya yi kaɗan, ko ƙasar ce ba ta da kyau? Yaya zan yi su farfaɗo?

Mai Garwa Uku, Jibiya.

*

Mai Garwa Uku, tambaya ɗaya ka yi, amma biyu ne a takardarka. Bari in fara da wadda ka yi.

Ba ƙishirwa ke damun shukarka ba, nutsewa take yi. Garwar kananzir an yi ta ne don kada ta yi yoyo, ba ka kuma ce ka huda gindinta ba. Duk ruwan da ka zuba tun sati shida yana nan kwance a ƙasa, saiwa ta ruɓe a cikinsa, ɗoyin da kake ji ke nan. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya shan ruwa, sai ganye ya langaɓe tamkar na mai ƙishirwa, mai shuka ya gani ya ƙara ruwa. Masu ajiye fure ko barkono a tukunya su riƙe wannan: a tura yatsa cikin ƙasa kafin a ɗauki buta. In ya fito da danshi, a haƙura. Ganyen ƙishirwa yakan yi laushi ya bushe a baki, ya miƙe da an ba shi ruwa. Na ruwa da yawa yakan yi nauyi ya yi rawaya. Toka ba ta maganin ko ɗaya.

Sai wadda ba ka yi ba. Ban ga shukar da idona ba, gaskiya ne kuma akwai rama mai ganye yatsu-yatsu da takan ruɗi mutane, har an sha zargin bayin Allah a banza saboda ita. Amma rama tana da tsami, karanta yana da ƙaiƙayi, ba a kuma ɓoye ta a ƙurya don tsoron awakin da babu su. Matarka ta ba ka amsa ranar da ta tofar. Kai ma ka sani, shi ya sa ka ce wa mai shayi tumatir. Mutumin da aikinsa leƙa ƙarƙashin tamfol ba sai ni na gaya masa sunan wiwi ba.

Ba zan yanke wa wanka hukunci daga nan ba. Mai yiwuwa ne shi ma yaudararsa aka yi, direbobi na karɓar saƙo iri-iri a hanya. Riƙon da ya yi maka kuwa ba ƙaramin abu ba ne, kunyar da kake ji ta ɗan halak ce. Sai dai ka lura da inda ya zaɓa ya ajiye kayan. Gidan mai kaki ne, inda ba a cika bincike ba. Ranar da aka bincika kuwa, shi yana Agadas. Kai ne mai ɗakin, kai ne mai ba da ruwa, doka kuma ba ta sassauta wa mai shuka wannan abin, balle ma'aikacin iyaka. Kakin zai tafi, kai ma ka tafi gidan yari shekaru, Ma'u ta koma Gangara.

Saboda haka ba zan koya maka farfaɗo da su ba. Ka tumɓuke su yau, ka kakkarya ka jefa a masai. Kada ka ƙone, hayaƙin zai kai labari maƙwabta. Ka gaya wa matarka ka yi, ta daɗe tana jira.

In Arzika ya dawo, kada ka fake da cewa ruwa ne ya kashe su, ko da yake saura kaɗan hakan ya zama gaskiya. In ka ce haka, wasu garwa uku zai kawo, wannan karon a huje. Ka bari ya ci abinci ya huta, ka zauna ƙasa kamar yadda ƙane ke zama, ka ce masa kai ka tumɓuke da hannunka, ka faɗi dalili. Zai yi fushi, wataƙila ya daɗe bai taka gidanka ba. Ka jure. Shekaru ya yi yana tuƙi don ka zama mutum, kada ka bari ya rushe aikinsa da kansa.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya dawo da shi lafiya, ya kuma sa ya ji.

Malam Kalilu.