Kun Gyara Faifai, Kun Bar Mu da Rantsuwa a Wuya

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya sake fitar da faifan nan mai hoton bututun hayaƙi,
Birmingham.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, har da wanda ya zauna gaban na'ura ya yi mana wannan aika-aika. Shi ma ina gaishe shi, don gaisuwa daban, magana daban.

Sunana Mubarak. Ina zaune a Perry Barr, ina aikin ɗora kaya a wani warehouse, wato babban sito. Ban kama sunan kamfaninku ba, kun san kanku. Na rubuta da Hausa ne saboda mutanen da na ji kunya a gabansu da Hausa suke yi min dariya. In kuna son sanin abin da na ce, tafinta ba zai yi muku wuya ba, tsakanin Aston da Salford akwai Hausawa masu digiri har ba su san inda za su ajiye ba.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Ku san da zamanmu. Mu bakwai ne, Hausawa masu jin kiɗan metal, kiɗan nan na Turawa mai rugugin jita da ganga, huɗu a nan Birmingham, uku a Manchester. Ba ma tallar kanmu, don ko a gida aka ji abin da ke cikin kunnenka sai a fara tofa maka addu'a. Babbanmu shi ne Yaya Nasiru, yana karatun digiri na uku, yana zaune a Salford, can gefen Manchester. Shi ya fara jiyar da ni faifan nan naku, wanda muke kira Mai Hayaƙi. Kwafinsa ya samo shi ne tun yana saurayi a wata rumfar masu tura waƙoƙi a waya a Kano, ya yi ta yawo da shi daga wannan memori zuwa wancan har ya tsallako da shi teku. Daga wajensa duk muka karɓa. Kwafin sata ne, ban ɓoye muku ba. Amma a cikinsa ake jin numfashin mawaƙin kafin ya buɗe murya. A cikinsa babbar ganga ke sauka kamar taɓarya a turmi, ka ji ta a ƙirji. Waƙa ta uku takan fara da jita ɗaya tilo, a hankali, har ka matso da kunne, sannan sauran kayan kiɗan su rufto maka kamar rufin kwano ya faɗo. Don wannan ruftowar kaɗai mutum zai hau coach, doguwar bas ɗin nan, daga Birmingham zuwa Manchester.

Na biyu, kuma nan ne nawa ya shigo. Ni ban yi nisa a makaranta ba. Turancin da nake da shi a laburare na tsince shi, da 'yan takardun nan da ake sakawa cikin kwalin faifai. Mutumin da ya koya wa kansa karatu yana da wata cuta: duk abin da ya karanta jiya, yau sai ya hau mumbari da shi. Na karanta a kan satar fasaha, na karanta a kan haƙƙi, na ga yadda masu kiɗan nan suka tsufa ba su ci guminsu ba. Ana haka sai kuka yi shelar za ku sake fitar da Mai Hayaƙi, kuka rubuta "remastered" da manyan baƙaƙe. Na fassara wa 'yan'uwana cewa an wanke shi, an gyara shi, abin da ba mu taɓa ji ba yanzu za mu ji.

Wata Asabar muna flat ɗin Yaya Nasiru, an ci shinkafa an ƙoshi, na miƙe na yi musu wa'azi. Na ce mu da muke salla biyar ba mu da bakin kiran kanmu masoyan mutanen da muke ci wa haƙƙi. Na ce tunda halal na tafe, kowa ya goge haram, yanzu, a gabana. Bashir, wani ɗalibi ɗan Aston da bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a wane babin aka kawo hukuncin jita?" Aka yi dariya, ni ban yi ba. Yaya Nasiru ya ce min a hankali, "Mubarak, a bari sabon ya iso tukuna mana." Na ce masa mai niyyar tuba ba ya cewa sai gobe. Na faɗa wa mutumin da ya girme ni haka, a ɗakinsa, da shinkafarsa a cikina.

Ban tsaya nan ba, na ce sai an rantse. Kowa ya ce wallahi ba zai ƙara sauke waƙar sata ko ya karɓa a hannun wani ba. Bashir ya so ya liƙa "in sha Allahu" a ƙarshen tasa, ni kuwa na riga na karanta cewa wanda ya haɗa rantsuwa da wannan kalma ya bar wa kansa ƙofa. Na ce ya sake, ba in sha Allahu. Ya sake. Da hannuna na toshe ƙofar. Yaya Nasiru ne na ƙarshe. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya danna. Abin da ya riƙe tun yana saurayi ya tafi kafin in gama shan ruwan da ke hannuna. Hausawa suna da suna ga abin da na yi: ganin hadari, wanka da kashi.

Na uku. Faifanku ya iso. Na gayyace su Perry Barr, na ari lasifika masu kyau, na sayi nama, 'yan Manchester suka taso tun da safe. Bayan la'asar na saka faifai, na tsaya a gefe ina murmushi kamar uban ango.

Yallaɓai, me kuka yi?

Kun ɗauki komai kun ɗaga shi sama, kun matse shi wuri ɗaya kamar kayan da aka danna a Ghana-must-go aka hau kai aka ja zif. Gangar ta daina sauka, sai ƙwanƙwasa kamar ana buga bokitin roba. Farantan ƙarfen da mai ganga ke kaɗawa sun koma cuuu, kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Jita mai kaurin murya ban san inda kuka binne ta ba. Waƙa ta uku ta zo, jitar nan tilo da take shigowa da sanɗa ta shigo da ihu, ƙararta ɗaya da ta abin da zai biyo baya. Da sauran suka shigo, babu abin da ya rufto, don babu inda za su faɗo daga. Wanda ya fara magana da ihu, da me zai yi fushi? Kafin rabin faifai kunne ya gaji, irin gajiyar wanda ya yini kusa da lasifikar mai tallar maganin basir a tasha.

Duk suka juyo suna kallona. Da zagina suka yi da ya fi min sauƙi. Bashir ne ya fara magana, ya ce, "Malam, wannan shi ne halal ɗin? To ashe haram ta fi gishiri." Yaya Nasiru bai yi dariya ba. Ya miƙe ya rage ƙarar, ya saurara, ya ƙara ragewa, kamar mai neman wani abu da ya faɗi a ƙasa. Daga baya ya ce, "Numfashin ma sun cire." Shi ke nan abin da ya faɗa. Ya ci naman kaɗan don kada in ji babu daɗi, ya ce yana so ya kama coach da wuri.

Kada ku ce kunnenmu ne. Na saka waƙar a manhajar da ke zana hoton sauti, har na nuna wa 'yan'uwana hoton. Waƙa mai rai takan fito da tudu da kwari. Taku ta fito kamar bulo, sama a shafe, ƙasa a shafe. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, kuma a kan ganga ta gaske kuka yi shi.

Na huɗu, wanda ya fi ci min rai. Da kun bar tsohon a inda yake, da sai mu ce Allah ya kiyaye gaba mu koma masa. Amma ranar da kuka fitar da sabon, kuka janye tsohon daga duk manhajojin da ake biya a saurara. Tsohon faifan kuwa an daɗe da daina buga shi, 'yan ɗaiɗaikun da suka rage suna hannun masu tara kayan tarihi, farashinsu ko tambaya ba na mai ɗora kaya ba ne. Yau duk duniya, wurin da talaka zai ji Mai Hayaƙi yadda masu shi suka kaɗa shi, shafukan ɓarayi ne kaɗai. Ku da kuke kukan satar fasaha, kun mayar da ɓarawo mai ajiyar amana. Ni da na tsaya muku, kun mayar da ni wawan gari. Yanzu in na buɗe baki a group ɗinmu, ko kan ƙwallo ne, sai wani ya turo hoton bulo.

Na biyar. Ku ba ku san nauyin "wallahi" ba, shi ya sa zan yi muku bayani. A wajenmu ba kalmar ado ba ce. Wanda ya karya ta sai ya yi kaffara: ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, in ba shi da hali ya yi azumin kwana uku. Mutum shida na ɗaure da wannan igiya, ni na bakwai. Na je wani masallaci a Aston in nemo mana mafita. Na jira aka watse, na durƙusa gaban malam, na ce mun yi rantsuwa a kan waƙa. Ya ce wace irin waƙa? Na ce ta Turawa. Ya ce wace iri a ciki? Na ce mai ɗan ƙara. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Yaro, ka rantse ka bar ɗaukar kayan mutane, yanzu ka zo in buɗe maka hanyar komawa? Ita waƙar ma da za ka haɗa da ita a rantsuwar da ka huta." Na yi godiya, na fita ina neman takalmina kamar ba ni na ajiye shi ba.

Shekaranjiya Laraba na kira Yaya Nasiru in ba shi haƙuri. Muryarsa a dushe. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau, azumi yake. Yallaɓai, Laraba ba Litinin ba ce, ba Alhamis ba ce, kuma Ramadan da saura. Ban tambaye shi azumin mene ne ba, shi ma bai faɗa ba. Mutum mai iyali, mai jiran kuɗin scholarship da ba su zuwa kan lokaci, yana yawo a Salford da bushasshen baki saboda wa'azina da gyaranku. Mu biyu muka sa shi, ni da ku. Ni na san rabona a ciki, ku ma ga naku na kawo muku har gida.

Don haka ina roƙonku abubuwa kamar haka.

Ku mayar da tsohon sautin inda kuka cire shi, ku ajiye shi kusa da sabon, ku rubuta wa kowanne sunansa. Mai son bulo ya ɗauki bulo. Za mu saya, mun riga mun nuna muku muna saye. Ku daina rubuta kalmar gyara a kan abin da ƙara kawai aka yi masa. Sannan shi wanda ya yi aikin, ban ce a kore shi ba, kowa da bakin da yake ciyarwa. A dai zaunar da shi ya saurari faifan daga farko har ƙarshe, da ƙarar da mu muke ji, ba tare da ya tashi ba. In ya iya, na janye maganata.

Kuma ku hanzarta. Mutum ɗaya ya riga ya fara azumi, Bashir kuwa ya fara tambayar inda ake samun miskinai goma a Birmingham.

Ni ban karya tawa ba, kuma ba zan karya ba. Yau Juma'a, in lissafina daidai ne yau Yaya Nasiru zai cika na uku. Na ɗauki hutun rabin yini, na sayi dabino da kaza, zan kai masa buɗa-baki Salford, don abin da zan iya ke nan. Na san abin da zai saka bayan an sha ruwa, tsohon Mai Hayaƙi ne da ya sake samowa. Na yi ta tambayar kaina ko zan tashi in fita in ya danna. Sai na tuna lafazin rantsuwar, tunda ni na tsara shi: saukewa da karɓa muka ce, ba mu ce ji ba. Kunyar da ta fi duk wadda na lissafa muku ita ce, tun kafin in sayi tikitin coach na riga na duba wannan.

Allah ya ba ku lafiya, ya yi wa kasuwarku albarka, ya kare ku daga ɓarayin fasaha, ya kuma kare fasaha daga gare ku. Allah ya ba ku kunne.

Wassalam.

Naku mai saye da guminsa,
Mubarak,
Perry Barr, Birmingham.