Ƙashin da aka rataya wa Hajara

Yaya Sani,

Salamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya Fatakwal? Mutanen Roni kowa lafiya.

A makarantar 'yarka Hajara, duk wanda ya yi Hausa a aji ƙashin saniya ake rataya masa. Tambaya ta yi da Hausa don ba ta gane ba, malamin ya rataya mata, yara suna mata kukan shanu. Yanzu ko littafi ba ta taɓawa. Na same shi na ce, "Malam, Turancin a cikin ƙashin yake?" Wai ni ban yi boko ba. Tir!

Tana gida, ni nake koya mata. In ka ce ta koma, sai dai ka zo ka kai ta da kanka.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙaninka,
Habu